Sanin Rana Daban, Sanin Unguwa Daban: Yadda Ake Hasashe da Bibiyar Ɓarkewar Guguwar Tonado

A ranar Laraba, 27 ga Afrilu, 2011, guguwar nan mai murɗawa da ake kira tonado ta sauka sama da sau 200 a kudu maso gabashin Amurka cikin awa 24, ta hallaka mutum fiye da 300, mafi yawansu a jihar Alabama. Abin da ya sa masana yanayi har yau ba su daina waiwayar wannan rana ba shi ne, bala'in bai zo da bazata ba. Cibiyar Hasashen Hadari ta ƙasar, wadda ke garin Norman a jihar Oklahoma, ta fara nuna yankin a taswirarta tun kwana biyar kafin ranar, kuma ko da gari ya waye ta riga ta ɗora shi a mataki mafi tsanani da take da shi. Da guguwoyin suka fara sauka, ofisoshin yanayi na yankin sun riƙa fitar da gargaɗi da tazarar da a matsakaici ta haura minti 20, wadda ta fi abin da aka saba samu. Ta fuskar kimiyya hasashen ya yi kyau ƙwarai, amma duk da haka aka kwana ana ƙidayar gawawwaki.

Ƙullin da ke cikin sha'anin shi ne, ilimin yanayi ya kai matsayin da zai iya faɗin rana da yanki tun kwanaki kafin lokaci, amma bai kai ga faɗin wane ne daga cikin hadarai goma da suka taso a yankin zai haifi guguwa ba, ko wace unguwa guguwar za ta bi, sai in saura 'yan mintuna. Duk tsarin hasashe da bibiya an gina shi ne a kan wannan giɓi, kamar mazurari mai faɗin baki da ke tsukewa sannu a hankali: daga jihohi zuwa gundumomi, daga gundumomi zuwa tituna, daga kwanaki zuwa mintuna. A kowane mataki tabbaci yana ƙaruwa, lokacin da mutum zai yi amfani da tabbacin kuma yana raguwa.

Mai hasashe yana fara aikinsa ne da neman abubuwan da in sun taru hadari mai tsawa yake haɗuwa. Dole a sami laima a iskar da ke kusa da ƙasa, dole kuma iskar da ke can sama ta fi ta sanyi sosai. Idan wani abu ya ɗaga iska mai ɗumi da laima, sai ta ci gaba da hawa da kanta saboda ba ta kai iskar da ke kewaye da ita nauyi ba, tururin da ke cikinta yana komawa ɗigon ruwa yana sakin zafi, zafin kuma yana ƙara mata ƙarfin hawa. Masana suna auna wannan ƙarfi da wani ma'auni da suke taƙaita sunansa da CAPE, kuma idan ya haura 3,000 sun san cewa duk hadarin da ya taso zai taso da ƙarfin gaske, domin a cikin manyan hadarai iska mai hawa takan wuce gudun kilomita 160 a awa, abin da ke ba ta damar riƙe ƙanƙara a sama har ta kai girman dunƙulen hannu kafin ta faɗo. Abin da ke ɗaga iskar tun farko kuwa yawanci iyaka ce tsakanin iskoki biyu masu hali daban: ko goshin iska mai sanyi da ke kutsowa ƙarƙashin mai ɗumi, ko layin da busasshiyar iska ta yi karo da mai laima.

Waɗannan sun isa a sami tsawa da walƙiya da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ba su isa a sami ɓarkewar tonado ba. Abin da ke bambanta ranar bala'i da ranar ruwan sama kawai shi ne saɓanin iska, wato yadda gudunta da alƙiblarta ke canzawa daga ƙasa zuwa sama. Hadari na yau da kullum shi ke kashe kansa: ruwan da ya haɗa yana zubowa ta cikin iskar da ke ciyar da shi, ya sanyaya ta, cikin ƙasa da awa guda ya watse. Idan kuwa iskar sama ta fi ta ƙasa gudu nesa ba kusa ba, sai hadarin ya karkata, ruwan ya riƙa zuba a gefe guda, iska mai ɗumi ta ci gaba da shiga ta ɗaya gefen ba tare da cikas ba, hadarin ya yi awanni yana tafiya. Bayan haka, saɓanin gudun yana sa iskar da ke kusa da ƙasa ta riƙa mirginawa a kwance, kamar tabarmar da ake naɗewa, kuma da iska mai hawa ta kama wannan naɗi ta miƙar da shi tsaye, sai cikin hadarin ya kama juyawa a faɗin kilomitoci. Masanin yanayi ɗan Ingila Keith Browning ne ya laƙaba wa irin wannan hadari sunan sufasel a farkon shekarun 1960, kuma kusan duk guguwar da ta yi mummunar ɓarna daga irinsa take fitowa.

Dalilin da ya sa Amurka ta fi ko'ina samun tonado, wajen 1,200 a shekara, yana cikin shimfiɗar ƙasarta. Mashigin tekun Mekziko yana turo iska mai ɗumi da laima daga kudu, Kanada tana turo mai sanyi daga arewa, kuma babu wani jerin duwatsu da ya gitta daga gabas zuwa yamma ya raba su. Duwatsun Rocky a tsaye suke daga arewa zuwa kudu, kuma daga kansu da tudun arewacin Mekziko busasshiyar iska mai zafi ke kwararowa gabas ta hau kan mai laimar. Akwai wasu wurare masu kama da haka, irin su arewacin Ajantina da Bangladesh, inda a ranar 26 ga Afrilu, 1989 guguwa guda ta kashe mutum wajen 1,300, adadin da ba a taɓa samun wanda ya kai shi ba.

Wannan busasshiyar iska mai zafi da ke hawa kan mai laima ita ce abin da ya fi wahalar da masu hasashe, kuma suna kiranta murfi. Tana zaune a tsayin kilomita ɗaya zuwa uku, tana hana iskar ƙasa hawa, kamar yadda murfi ke danne tururi a tukunya. Aikinta kaifi biyu ne. Idan babu murfin sam, hadari yana tasowa ko'ina tun da hantsi, ƙananan hadarai su yi yawa, su riƙa cin abincin juna, babu wanda zai gawurta. Idan murfin ya yi ƙarfi da yawa, rana za ta faɗi sama garau ba a ga ko ɗigo ba, duk kuwa da cewa sauran abubuwan sun cika. Ranar da ake tsoro ita ce wadda murfin ya riƙe har zafi da laima suka taru zuwa la'asar, sannan ya ɓule a wurare kaɗan, hadarai 'yan ƙalilan su taso a warwatse, kowanne da filinsa shi kaɗai. Bambancin da ke tsakanin waɗannan ranaku uku zai iya zama digiri ɗaya ko biyu na zafi a wani tsayi da babu wanda ya auna a daidai wannan awa.

Daga nan ake gane muhimmancin awo. Bisa al'ada, tashoshi wajen 90 na Hukumar Yanayi ta Amurka suna sakin balan-balan sau biyu a rana ɗauke da na'urar da ke auna zafi da laima da iska har zuwa tsayin kilomita 30, kuma a ranar da ake zaton tashin hankali akan nemi wasu tashoshin su ƙara saki da tsakar rana, musamman don a ga halin da murfin yake ciki. Taurarin ɗan'adam na jerin GOES, waɗanda sabon samfurinsu ya fara tashi a 2016, suna iya ɗaukar hoton yanki guda kowane minti, har a ga lokacin da gajimare ya fara tasowa a kan layin iyaka. Duk waɗannan bayanai ana zuba su cikin manyan kwamfutoci masu lissafin yadda iska za ta motsa. Akwai masu lissafin duniya baki ɗaya, kamar na Amurka da ake kira GFS da na cibiyar Turai mai hedikwata a Reading ta Ingila, waɗanda su ne ke fara nuna alama mako guda kafin lokaci. Akwai kuma masu lissafin kusa, irin su HRRR, wanda ke yanka ƙasar gida-gida a faɗin kilomita uku, yana sabunta lissafinsa kowace awa, har ya zana hadarai ɗaiɗaiku kamar a fuskar rada, na'urar da ke hango ruwan sama daga nesa.

Hoton da irin wannan kwamfuta ke fitarwa yana da ruɗi, domin ya yi kama da gaskiya fiye da kima. Mutum zai ga an zana hadari a kan wani gari da ƙarfe biyar na yamma ya ɗauka alƙawari ne, alhali lissafin da za a fitar bayan awa guda zai iya matsar da shi kilomita 80. Masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna tun a 1963 cewa ƙanƙanin kuskure a awon farko yana girma da sauri a lissafin yanayi, kuma a wata lacca da ya gabatar a 1972 ya yi tambayar nan da ta shahara, ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Burazil zai iya tayar da tonado a Texas. Saboda haka ƙwararru ba sa dogara da lissafi guda. Sukan sa a maimaita shi sau da dama, kowanne da ɗan canji a awon farko, sannan su dubi inda lissafan suka yi ittifaƙi da inda suka rarrabu. Rarrabuwar ita kanta labari ce.

Sakamakon wannan nazari shi ne taswirar da cibiyar Norman ke fitarwa kullum, ta yau da ta gobe da ta jibi, da wata da ta haɗa kwana na huɗu zuwa na takwas. Tun daga 2014 matakanta biyar ne, kuma a bayan kowane mataki akwai lissafin yiwuwar saukar guguwa cikin kilomita 40 daga inda mutum yake tsaye. Wanda bai saba ba zai ji an ce kashi 10 cikin 100 ya raina, bai san cewa a rana ta yau da kullum yiwuwar ba ta kai ko kashi ɗaya ba a kusan ko'ina. A ranar 27 ga Afrilu, 2011 an kai kashi 45, adadin da ba kasafai ake ganinsa ba. A ganina, sunayen matakan ba su taimaka ba, domin mataki na huɗu cikin biyar, wanda a ƙarƙashinsa an sha yin asarar rayuka masu yawa, sunansa a Turance yana nufin matsakaici ne, kuma kunnen talaka in ya ji matsakaici sai hankalinsa ya kwanta. Shi ya sa gidajen talabijin da yawa suka koma faɗin lamba kawai, su ce mataki na huɗu cikin biyar.

Wannan tsoro na yadda jama'a za su fahimci magana tsoho ne. A shekarun 1880 wani jami'in soja mai suna John Park Finley ya fara gwada hasashen tonado, amma hukuma ta hana amfani da kalmar a cikin hasashe, bisa hujjar cewa firgicin da za ta haifar zai fi guguwar ɓarna, kuma ba a janye hanin gaba ɗaya ba sai a 1950. A cikin wannan zamani na yin gum ne guguwar 18 ga Maris, 1925 ta ratsa jihohin Missouri da Illinois da Indiana, ta kashe mutum 695 ba tare da an yi musu ko tari ba. Abin da ya karya lagon hanin ya faru ne a sansanin sojan sama na Tinker da ke Oklahoma: guguwa ta lalata jirage a ranar 20 ga Maris, 1948, aka umarci jami'an yanayi biyu, Ernest Fawbush da Robert Miller, su binciki abin da ya faru, kuma bayan kwana biyar, da suka ga taswirar ta sake ɗaukar kamanni iri ɗaya, suka yi ƙarfin hali suka ce wata tana tafe. Da yammacin ranar ta sauka a kan sansanin. Gaskiya akwai sa'a a ciki, don guguwa ta sauka wuri guda sau biyu cikin mako abu ne mai wuyar gaske, amma hanyar da suka bi ta kwatanta yanayin yau da na ranakun da aka yi ɓarna har yanzu ana amfani da ita.

Sa'ar takan juya baya. A ranar 20 ga Mayu, 2019 cibiyar ta sake ɗora kashi 45 a kan Oklahoma da wani yanki na Texas, aka rufe makarantu da yawa, mutane suka zauna a gida suna jiran abin da ake kwatantawa da 2011. An sami guguwoyi, an kuma sami ambaliya, amma manyan guguwoyi masu dogon zango da aka yi tsammani ba su zo ba. Duk wanda ya dubi awon safiyar ranar da idon basira zai yarda cewa ba a yi ganganci ba, sai dai hadaran da suka taso a inda aka fi tsoro sun kasa gawurta. Wahalar ita ce, mutumin da ya rufe shagonsa ya rasa cinikin yini ba ya karanta awon balan-balan, abin da ya sani kawai shi ne an ce za a yi kuma ba a yi ba.

A ranar da ake jira, mazurarin yana ƙara tsukewa. Awanni kaɗan kafin hadari ya taso, cibiyar Norman tana fitar da sanarwar shirin ko-ta-kwana, wadda takan rufe dubban murabba'in kilomita na tsawon awa huɗu zuwa takwas, ma'anarta kuwa ita ce abubuwan sun taru, kowa ya san inda zai fake. Da hadarin ya bayyana, aiki ya koma hannun ofisoshin yankuna, waɗanda su 122 ne a faɗin ƙasar, kuma su ke da ikon fitar da gargaɗi na ainihi, wanda ke nufin an ga guguwa ko rada ta nuna tana gab da sauka. Hadari yana shiga jerin masu tsanani ne idan iskarsa ta kai kilomita 93 a awa ko ƙanƙararsa ta kai faɗin santimita biyu da rabi. Kafin 2007 gunduma guda ake yi wa gargaɗi ɗungurungum, daga baya aka koma zana wani ɗan fili mai kusurwoyi a gaban hadarin, daidai inda ake ganin zai bi, kuma tun daga 2012 wayoyin salula da ke yankin suna yin ƙara da kansu.

Idon mai gargaɗi shi ne rada. Amurka tana da manyan tashoshin rada wajen 160 da aka kafa a shekarun 1990, kuma abin da ya fifita su a kan na da shi ne suna auna gudun ɗigon ruwa, ko yana nufo tashar ko yana nisantarta, bisa ƙa'idar nan da ke sa ƙarar jiniya ta canza sauti idan motar ta wuce ka. A fuskar kwamfuta ana nuna iska mai zuwa da kore, mai tafiya da ja, kuma idan kore mai haske ya manne da ja mai haske a ɗan ƙaramin wuri, to iska tana juyawa a nan. Akwai kuma alamar ƙugiya, wato yadda ruwan sama ke naɗewa a bayan hadarin ya yi lanƙwasa, wadda aka fara gani a wata rada a jihar Illinois a ranar 9 ga Afrilu, 1953. Gyaran da aka kammala a 2013 ya ba radar damar bambance siffar abin da ke cikin iska, ta yadda za ta gane ɗigon ruwa daban, kwanon rufi da katako da ganye daban. Idan wannan alama ta tarkace ta bayyana a kan wurin da ke juyawa, babu sauran shakka, ko da tsakar dare ne: guguwa tana ƙasa tana ɓarna. Sai dai ga wanda gidansa ne ya zama tarkacen, wannan ihu ne bayan hari, amfaninta ga na gaba ne.

Radar tana da makanta guda da ba ta da magani cikin sauƙi. Haskenta a miƙe yake tafiya, ƙasa kuwa a lanƙwashe take, don haka a nisan kilomita 160 daga tasha mafi ƙanƙantar abin da take gani yana wajen kilomita uku sama da ƙasa, alhali abin da ke yanke hukuncin saukar guguwa yana faruwa ne a 'yan ɗaruruwan mitoci na ƙasa-ƙasa. Ga shi kuma mafi yawan hadaran da ke juyawa ba sa haifar da tonado ko ɗaya. Manyan binciken da aka yi a fili, na farko a 1994 da 1995, na biyu a 2009 da 2010, inda aka riƙa kewaye hadari da motoci masu ɗauke da rada, sun nuna cewa iskar da ke saukowa a bayan hadarin tana da hannu sosai: idan ta yi sanyi da nauyi da yawa sai ta shaƙe juyawar, idan kuwa ba ta yi nisa da ɗumin iskar da ke kewaye ba sai hadarin ya sake zuƙe ta sama, juyawar ta tsuke ta ƙara gudu. Amma hadarai biyu da ke maƙwabtaka za su iya yin kama da juna a fuskar rada, ɗaya ya share gari, ɗaya ya wuce da ruwa kawai. Mai gargaɗi yana da minti biyu ko uku ya zaɓa, kuma tun da kuskuren yin shiru ya fi kuskuren yin ihu tsada, yakan zaɓi ihu. Sakamakon haka, wajen kashi 70 cikin 100 na gargaɗin tonado a Amurka yana wucewa ba a tabbatar da saukar guguwa ba. Ana iya rage wannan adadi gobe idan aka ce kada a yi gargaɗi sai an tabbata, amma da an yi haka tazarar lokacin da ake ba mutane za ta ragu, kuma guguwoyin da za su sauka ba gargaɗi za su ƙaru. Babu yadda za a ja bargon ya rufe kai da ƙafa lokaci guda.

Don cike makantar rada ake horar da 'yan sa-kai masu lura da hadari, waɗanda ke tsayawa a wurarensu su kira ofis su faɗi abin da idonsu ya gani, ga kuma masu bin hadari da mota, wasu don bincike, wasu don hoto. A kudu maso gabas aikinsu ya fi wuya, domin akwai dazuzzuka da tuddai, gajimaren yana saukowa ƙasa-ƙasa, ruwa yakan lulluɓe guguwar, kuma da yawa da dare suke zuwa, kamar wadda ta ratsa garin Mayfield na jihar Kentucky a daren 10 ga Disamba, 2021.

To me ya kashe mutane a 2011, tun da an yi duk wannan? Da farko akwai ƙarfin guguwoyin kansu. Ma'aunin ƙarfin tonado da masanin yanayi Ted Fujita ya ƙirƙira a 1971, aka yi masa kwaskwarima a 2007, yana da matakai daga sifili zuwa biyar, kuma ba a yanke matakin guguwa sai bayan ta wuce, lokacin da jami'ai za su bi sawunta su dubi irin ɓarnar da ta yi wa gine-gine su ƙiyasta gudun iskar. A ranar 27 ga Afrilu kaɗai an sami guda huɗu a mataki na biyar, wanda iskarsa ta haura kilomita 320 a awa, kuma a irin wannan ƙarfi shawarar da aka saba bayarwa, ta shiga ɗakin da ke tsakiyar gida nesa da taga, ba lallai ta ceci mutum ba, domin gidan ne gaba ɗaya ake tumɓukewa daga kan harsashinsa. Gidaje da yawa a yankin ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma jama'a masu yawa suna zaune ne a gidajen tafi-da-gidanka marasa nauyi, waɗanda ko guguwa mai matsakaicin ƙarfi tana kifar da su. Sannan akwai abin da ya faru da asubahin ranar: wani dogon layin hadari ya riga ya ratsa Alabama ya karya turakun lantarki, ya bar dubban gidaje babu wuta, har wasu tashoshin rediyon yanayi suka daina aiki, don haka da babban bala'in ya iso da rana, mutane da yawa ba su da talabijin ɗin da za su ji gargaɗin. Wasu kuma sun ɗauka hadarin asuba shi ne abin da aka yi ta faɗa, ya zo ya wuce.

Bayan ƙasa da wata guda, a ranar 22 ga Mayu, guguwa ta afka wa garin Joplin na jihar Missouri ta kashe mutum wajen 160, duk da cewa an fitar da gargaɗi minti 17 kafin ta sauka. Da jami'an hukumar suka zanta da waɗanda suka tsira, sun gano cewa akasarinsu ba su nemi mafaka da jin jiniyar farko ba. Sun saba jin ta ba a ga komai ba, saboda haka wani ya leƙa waje, wani ya kunna talabijin, wani ya kira ɗan'uwa, kowa yana neman shaida ta biyu, don gani ya kori ji. Ba wauta ba ce, haka ɗan'adam yake, kuma tsarin da bai yi lissafin wannan hali ba shi ne mai naƙasa. Daga wannan darasi ne a 2012 aka fara gwada sabon salon gargaɗi a Kansas da Missouri, wanda ke faɗin ko an ga guguwar da ido ne ko rada ce kawai ta nuna, da kuma irin ɓarnar da ake tsammani, domin mai saurare ya bambance gargaɗi na yau da kullum da wanda ke nufin rai ko mutuwa.

Burin masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen hadari na ƙasa, wanda shi ma a Norman yake, shi ne su matsar da gargaɗi daga kan abin da rada ta gani zuwa kan abin da kwamfuta ta hango, ta hanyar zuba bayanan rada cikin lissafi kowane 'yan mintuna, har a iya cewa wannan hadari yana da yiwuwar kaza ta haifar da guguwa cikin awa guda mai zuwa, kuma ga hanyar da zai bi. Ga asibiti ko makaranta ko filin wasa mai ɗauke da dubban mutane, awa guda ba ƙaramar dukiya ba ce. Amma ƙarin lokaci yana zuwa da tasa matsalar, kuma an ga alamarta a ranar 31 ga Mayu, 2013. Kwana 11 kafin ranar, guguwa ta kashe mutum 24 a garin Moore da ke gefen birnin Oklahoma, don haka da aka ji wata tana tafe daga wajen garin El Reno da ke kusa, dubban mazauna birnin Oklahoma da suke da isasshen lokaci suka shiga motoci don su tsere, manyan tituna suka cushe, motoci suka tsaya cik a ƙarƙashin hadarin. Guguwar ta kumbura har faɗinta ya kai kilomita 4.2, wanda ba a taɓa auna irinsa ba, ta kuma canza alƙibla ba zato. Mutum takwas ɗin da ta kashe duk a cikin mota suke, cikinsu har da Tim Samaras, ɗaya daga cikin masu binciken da aka fi yarda da taka-tsantsan ɗinsu, tare da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. Guguwar ta ɗauke ne kafin ta isa inda motocin suka fi cunkoso, amma ruwan da ya biyo baya ya cika magudanan birnin, ya tafi da wasu iyalai da suka shiga cikinsu don neman mafaka daga iska.